Ruwan da Huraira Ta Yi wa Kwalliya

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, mun baza kunnuwa.

To, a wani ƙauye can gefen Guci, akwai wata tsohuwa ana ce mata Huraira, da mijinta Malam Zakariya'u. Tun suna da ƙarfi suke tare, har haƙoransa suka zube, nata suka bi sahu. Shi mutum ne da ba ya son magana, in ya ce "to" sau biyu a yini, to ya yi hira ke nan. Ita kuwa Allah ya ba ta baki. In ba ta samu mutum ba sai ta yi da awakinta, in awaki sun tafi kiwo ta yi da turmi.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama, gero bai kai rabin rumbu ba. Ɗansu Bashiru, da ke sayar da kayan moto, wato babur, a Kano, ya kira ya ce ya gaji da jin iyayensa suna lallaɓa tsaba. Ya share musu ɗaki a gidan da yake haya, su tattaro su zo. Huraira ta san ɗakin nan, ta taɓa zuwa suna. Taga ɗaya gare shi, tsakar gidan ko shanya ba ta ɗauka, maƙwabta kuma kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Duk zaman da ta yi a can ba ta samu wanda za ta gaya wa ko mafarkinta ba.

Malam Zakariya'u ya ɗauki dagi da kwando ya gangara kwari, inda yake da 'yar gona ta gado, ya kira maƙwabcinsa Kyari, suka haƙa rijiya. Ruwan kwarin nan ba shi da nisa, gaba uku suka same shi. Ya jera itace a bakin rijiyar, ya kewaye wurin da ƙaya, ya gyara ɗan fegi ya zuba irin albasa. Irin ya fito kore shar. Wannan ita ce amsar da ya ba ɗansa.

Bashiru ya sake kira. Ya ce, "Baba, ka manta lambunan da ke gabas da kwarin? Shekarar farko kowa na murna, ta biyu ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa gari, komai ya ƙone. Zartsi ne. Ba zan bari ka ƙarar da sauran ƙarfinka a kan ruwan gishiri ba. A ba Aziza ta auna. In ta ce ruwan na da kyau, ku zauna, na janye. In ta ce zartsi ne, zan zo da mota."

Malam Zakariya'u ya ce, "To."

Aziza jikarsu ce, ɗiyar 'yarsu. A bayan Huraira ta yi wayo, har lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ta zuwa Damagaram. Yanzu tana aiki a ma'aikatar ruwa, tana yawo ƙauyuka da wani ɗan aparai, wato na'ura, tana auna rijiyoyi. Ta kira kakarta ta ce ran kasuwar Guci za su ratsa da motar aiki, amma ba za su samu shiga ƙauye ba. "Kaka, ki ɗebo mini ruwan rijiyar a butali, kwalba mai tsabta, mu haɗu bakin kasuwa."

Ana gobe kasuwa Huraira ta gangara kwari da kanta ta jefa guga. Da ta juye a ƙwarya sai ta tsaya tana kallo. Sabuwar rijiya ce, ba ta kwanta ba, ruwan ya fito jaja-jaja kamar an dama kunu. Ta ce wa jakin da ke tsaye kusa, "Kai ka ga wannan? Wannan zan miƙa wa yarinya a gaban abokan aikinta? Su ce ga ruwan gidan su Aziza, kwaɗo ma sai ya yi tunani kafin ya shiga?"

Ku da kuka tashi da famfo ba lallai ku sani ba. A wurinmu in ruwa ya dame, mace ba ta miƙa wa baƙo shi haka. Takan ɗebi 'yar toka ta barbaɗa, ta juya, ta rufe ta bar shi, laka ta kwanta a ƙasa, ta tsiyaye na sama. Uwar Huraira haka ta yi, kakarta haka ta yi. Don haka da ta dawo gida ta nufi murhu, ta ɗebi tokar karan gero mai laushi, ta zuba. Da ta tuna ruwan nan gaban ma'aikata za shi, sai ta ƙara. Da safe ta tace da sabon ƙyalle, ta ɗura a butali, ta ɗaga a rana. Garau, kamar hawaye. Ta ji daɗi har ta naɗe butalin a mayafinta na zuwa biki.

A bakin kasuwa suka tarar da motar a gindin itacen bedi. Aziza ta sauko da gudu ta rungume kakarta, sannan ta durƙusa ta gaida tsohon.

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Amarya, kin rame. Birnin ba abinci?"

"Ango, ina zan yi ƙiba, ka bar ni can ko fura ba ka aiko mini ba? Ashe rami ka samu kake haƙa."

"Ke na haƙa wa, ki samu na wanka."

Huraira ta ce, "Ku ji shi. Ni rabon da ya yi mini doguwar magana haka tun ina da kitso."

Ta warware mayafi ta miƙa butalin. Aziza ta ɗaga ta ce, "Iye! Rijiyar har ta kwanta haka?"

Huraira ta gyara tsayuwa, ta saci kallon ma'aikatan da ke cikin mota, ta ce, "Ke dai auna."

Aparan bai fi tafin hannu ba, da 'yar igiya, a ƙarshenta wani abu kamar alƙalami mai bakin ƙarfe biyu. Aziza ta ɗauraye bakin da wani ruwa nata, ta zuba na butalin a kofi, ta tsoma. Lambobi suka yi ta gudu a fuskar aparan, suka tsaya. Ta cire, ta sake ɗauraya, ta sake tsomawa. Huraira ba ta iya karatun lamba ba, amma ta iya karatun fuskar yarinyar da ta goya. Dariyar nan duk ta tafi.

"Ya haura dubu uku," in ji Aziza, muryarta ƙasa-ƙasa. "Albasa tana son abin da bai kai dubu ba. Kaka, wannan ruwan zai kashe ƙasar."

Malam Zakariya'u ya ce, "Na sha shi. Ban ji gishiri ba."

"Harshe yakan saba, Kaka. Kuma kai kofi ɗaya kake sha ka tashi. Ƙasa kullum ake ba ta, rana ta ɗauke ruwan ta bar mata gishirin, yau kaɗan gobe kaɗan." Ta cire bakin aparan daga kofin. "Da ina da yadda zan ce maka wani abu daban, da na ce."

Ya kalli kofin. Sannan ya ce, "To. Aikinki ne, kin yi shi. Allah ya yi miki albarka."

Direba ya danna odar mota yana kiran Aziza, suka tafi.

Kashegari tsohon ya kira Kyari ya ce ya zo ya cire irin albasar ya dasa a nasa lambun, ya ba shi kyauta. Bashiru ya ce zai zo in wata ya kama. Huraira ta fara ɗaure kaya. Ta ɗauki tukunyar ƙasa ta ajiye, don an ce a can da gas ake girki. Ta ɗauki taɓarya ta mayar, don a can ba a daka. Ta tsaya gaban awakinta ta rasa abin da za ta ce musu. Gidan ya yi tsit, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya.

Shi ne ya fara kasa jurewa. Suna zaune da hantsi ya ce, "Ke, ki yi magana mana."

"In ce me, Malam?"

"Ko me. Da can tambaya kike yi kafin ki fara?"

Ya miƙa mata rabin goronsa, abin da bai saba ba, ta karɓa ta riƙe a hannu ba ta ci ba.

Ran Asabar da safe sai ga ƙarar moto a ƙofar gida. Aziza ce, da jaka a baya. Ta ce tun ranar nan ba ta samu sukuni ba, ta zo ta auna rijiyar Kyari da sauran na kwarin, ko Allah zai sa a samu wani gefe mai ruwan daɗi. Ta tambayi inda angonta yake. Huraira ta ce ya gangara tun da sassafe, zai kwashe itacen bakin rijiyar ya cike ramin, kada dabbar wani ta faɗa bayan sun tafi.

Ta kawo mata fura. Aziza ta fito da aparan tana duba pil ɗinsa, wato batirinsa. Huraira ta harare shi ta ce, "Ki mayar da mai baƙin bakin nan cikin jaka. Ba ya sha, ba ya ɗanɗanawa, ko harshe ba shi da shi, amma ya tashi gida guda."

"Haba Kaka, ba shi da laifi. Zo ki ga yadda yake yi, ku shirya."

"Ba ni shiryawa da shi."

Amma ta matso, don Huraira ba ta iya ganin abu ba ta sa baki ba. Aziza ta sa ta ɗebo ruwan randa, wanda ake kawowa daga famfon gari, suka zuba a 'yan kofuna.

"Kin ga bakin ƙarfen nan biyu? Wannan yana aika wuta 'yar mitsitsiya, ko kiyashi ba za ta kashe ba, wancan yana jira ya karɓa. Sai su juya, wancan ya aiko wannan ya karɓa, haka suke ta yi da sauri. Wutar dole ta ratsa ta cikin ruwan. Ruwa zalla tare mata hanya yake yi, da ƙyar take wucewa. In akwai gishiri a narke, sai ya zama kamar an buɗe mata ƙofa. Shi aparan abin da yake aunawa ke nan, yadda ruwan ya tare hanya ko ya sake ta. In hanya ta buɗe, lamba ta hau."

"Wato 'yan aike ne, ɗaya na jiran ɗaya a bakin rafi."

"Yauwa. Kawo gishiri ki gani."

Huraira ta barbaɗa ɗan gishiri a kofin farko. Lambobi suka yi tsalle. Ta ja da baya ta ce, "La ila! Ya ji!" Ta ruga ta ɗauko sukari, wai ta ga ko yana da kwaɗayi. Aka zuba a kofi na biyu, lamba ba ta motsa ba. Ta tuntsire da dariya, dariyar farko tun ran kasuwa. "Irin Malam ne, ba ya son zaƙi."

Aziza ta duƙa ta ɗebi 'yar ƙasa a tsakar gida, ta zuba a kofi na uku ta juya har ya yi ja. Ta tsoma. Lambar ta ɗan gusa kaɗan ta tsaya.

"Kin gani? Laka ba ta cika damunsa ba. Ba ya kallon fuskar ruwa. Abin da ya narke a ciki yake ji."

Huraira ta daina dariya. Ta kalli jan ruwan nan, ta kalli aparan.

"Laka ba ta damunsa?"

"Ba sosai ba."

"Ko ruwan ya yi kamar kunu?"

"Ko ya yi kamar kunu. Kaka, lafiya?"

Huraira ta miƙe a hankali, ta je murhu, ta dawo da toka tsakanin yatsu uku. Ta saki a kofin da ya rage, ta juya da tsinke. Ta ce, "Tsoma."

Aziza ta ɗauraye bakin ta tsoma. Lambobin suka hau, suka hau, suka ƙi tsayawa. Ta ɗago kai ta dubi kakarta. Huraira ta riga ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku ni Huraira. Ruwan ne ya fito ja, na ce ba zan kunyata ki a gaban mutane ba. Na ɗan gyara shi."

"Kin zuba masa toka?"

"'Yar kaɗan." Ta sauke hannuwanta. "Sau biyu."

Aziza ta zauna daɓas a kan tabarma. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta kama zanen kakarta ta goge ido da shi. "Laifina ne, Kaka. An koya mana a bakin rijiya ake aunawa. Na yi gaggawa na ce ki kawo a butali, ban ce miki kada ki sa komai ba. Kuma na ga sabuwar rijiya da ruwa garau, na yi mamaki, na wuce ban bi ba."

"Ki bar rabon laifi sai mun dawo. Tsohon can yana cike rami!"

Huraira, da ta rantse ba za ta ƙara hawa moto ba tun da ya kayar da ita a hanyar Bande, ita ta riga Aziza hawa. Ta ƙanƙame ta, tana salati tana cewa ta ƙara wuta, tana cewa ta rage, har suka gangara kwari.

Sun tarar ya kwashe itacen gefe ɗaya, yana tsaye da kwandon yashi a bakin ramin, Kyari na cika masa wani. Tun daga nesa Huraira take ihu, "Malam, ajiye! Ajiye kwandon nan!"

Ya ajiye. Ya dube ta, ɗankwali a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Bakin ya dawo ke nan."

Aziza ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta jefa guga ta jawo ta zubar, ta sake jawowa ta zubar, sai a na bayan ta tsoma aparan a cikin gugan kansa, ruwan ja wur da yashin da aka riga aka zuba. Ta jira lambar ta natsu, don aparan sai ya ji sanyin ruwa tukuna ya daidaita lissafinsa. Duk suka kewaye ta. Har jakin ya matso.

"Ɗari biyar da 'yan kai," ta ce. Ta sake ɗebowa ta sake aunawa. "Haka dai. Ango, ruwanka mai daɗi ne. Albasa za ta sha, tumatir zai sha."

Ya ce, "Na ran kasuwa fa?"

Aziza ta kalli kakarta. Huraira ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ta gyara ɗankwali. Sannan ta faɗa, tun daga jan ruwan har mayafin biki, ba ta rage komai ba, don ko laifinta ne in ta fara ba da labari sai ta kai ƙarshe.

Malam Zakariya'u ya saurara har ta gama. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya dafa Kyari, ya zauna a kan kwandon, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi, dasashi duk a waje. Kyari ya ce shekara da shekaru suna maƙwabtaka bai san mutumin nan yana da irin wannan dariya a ajiye ba.

Da ya samu numfashi ya ce, "Kin yi wa ruwa kwalliya."

"Don mutuncin gidanka na yi."

"Saura kaɗan mutuncin ya kai mu Kano."

"To da wa zai kai wa baƙi ruwan kwaɗi? Kai da ko ƙwarya ba ka taɓa wankewa ba!"

"Amarya, kin ji. Gobe in za ki auna ni, kada ki bari ta yi mini wanka tukuna."

Nan bakin rijiyar Aziza ta kira kawunta Bashiru ta gaya masa. Ya ce a ba shi Inna. Huraira ta ce ba ta nan. Ya ce yana jin numfashinta. Daga ƙarshe ya ce magana ɗaya ce, ya ce in ruwa na da kyau ya janye, to ya janye.

Aziza dai ta ƙara da gargaɗi. Ta ce ruwan kwari yakan canza, in rani ya yi nisa rijiya ta ja baya gishiri kan ƙaru, don haka awo ɗaya bai isa ba. Sai ta riƙa zuwa tana aunawa a bakin rijiyar, da sanyi da bazara da bayan damina, tana kwatanta na yau da na jiya. Huraira ta ce wannan sharaɗin ya yi mata, Allah ya sa ruwan ya riƙa buƙatar awo kowane mako.

Kyari ya ce zai tuge albasar ya maido. Malam Zakariya'u ya ce abin da ya bayar ya bayar, kuma dashen ya riga ya kama, ba a tayar da shi sau biyu. Lokacin zuba wani irin ya wuce, don haka shekarar nan ba su yi albasa ba. Sai da suka yashe rijiyar suka fitar da yashin da aka zuba, suka mayar da itacen, suka shuka zogale da yakuwa da ɗan tumatir na makara. Ranin ya yi musu tsauri, sai da aka sayar da akuya ɗaya, wadda Huraira ta fi hira da ita.

Malam Zakariya'u da Huraira suna nan a ƙauyensu, shekara ta zagayo sun yi albasa. Kyari ya aiko musu da buhu daga waccan ta kyauta, rijiyarsa kuma da aka auna ta ɗan fi tasu gishiri, ya koma tumatir. Bashiru ya sa ɗan haya a ɗakin. Aziza tana zuwa da aparanta, ita take jefa guga da hannunta, ba ta yarda kakarta ta riƙe ko kofin. Huraira kuwa har yau tana zuba toka a ruwan baƙi, sai dai ban da na awo.